Kafin Ka Saya Wa Ƙaninka Waya A Legas, Tuna Inda Wayar Za Ta Zauna

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe, don kusan kowannenmu maganar ta shafe shi.

Akwai wata sarauta da ake naɗa mu a gida ba tare da an nemi shawararmu ba. Da zarar ka samu gurbin karatu a Legas, ko Ibadan, ko Benin, ko Fatakwal, shi ke nan ka zama sarkin waya na dangi. Hutu na matsowa saƙonni za su fara shigowa: "Yaya, Baba ya ce kai za a tura wa kuɗin wayata." Ko Umma ta kira ta ce ta kwashi adashi, a duba wa autarta wata 'yar daidai. Su a ganinsu Legas ce bakin ruwa, komai ya fi sauƙi, kuma ɗan jami'a ba ya cutuwa a kasuwa.

Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne. Ɗalibai da yawa suna zaɓen wayar da za ta burge a hostal, alhali wayar ba a hostal za ta zauna ba. Gusau za ta tafi, ko Azare, ko Funtuwa, ko Potiskum, hannun yaro ɗan shekara 15 ko 16, a gidan da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Waya mai kyau ga wannan yaron ita ce wadda za ta kai dare da caji, in ta faɗi a iya gyara ta a garinsu, in ta ɓata kuma gida ba zai shiga zaman makoki ba. Sauran duk ado ne.

Mu fara da kuɗin, don mu san nauyin abin da aka ɗora mana. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wayoyin nan kuwa daga waje ake shigo da su, da dala ake lissafinsu, shi ya sa farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kuma wayar da yau za a kira mai araha, in dai tana da ɗan ƙarfi, ta wuce wannan kuɗin. Kenan abin da ya shigo asusunka albashin wata biyu ne na wani, ko ragon da aka yi wata shida ana kiwo, ko buhunan masarar da aka hana kai. Amana ce. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai shiga kasuwa yana tunanin abin da abokan ɗakinsa za su ce ba.

To, ga jarabar farko: iPhone 'yar Landan. Kuɗin ba za su sayi sabuwa ba, kowa ya sani, sai a ce ai gara tsohuwar iPhone da sabuwar Tecno, ko ba komai akwai suna. Shi ma yaron abin da yake so kenan, ya ga alamar tuffa a baya ya ɗaga a gaban abokai. Ni dai ban yarda da wannan lissafin ba, kuma ga dalilaina.

iPhone 7 ta fito ne a 2016, iPhone X a 2017. Ta farkon ta tsaya a iOS 15, ta biyun a iOS 16, ba za su ƙara hawa sama ba. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus, saboda sun tsufa. Layi ne, kowace za ta zo kanta. Batirin iPhone 7 ko lokacin da yake sabo bai kai 2,000mAh ba, balle bayan shekarun da ya kwashe a hannun Bature. Ba ta da gurbin memori, ba ta ɗaukar sim biyu, cajarta ma daban ce da ta kowa a gidan, ranar da igiyar ta tsinke babu wanda zai ara masa. Sannan ga matsalar iCloud: in mai ita na farko bai cire asusunsa ba, ranar da aka goge wayar za ta kulle, ta koma madubin duba fuska.

Na san abin da wasu za su ce: iPhone tana da ƙarko, kyamararta ta fi, kuma in za ka sayar ba ta faɗuwa warwas. Gaskiya ne, ga wanda ya sayi ta kusa-kusa, yake da wuta, yake da kuɗin canza sikirin. Amma wadda kuɗin Umma za su iya kamawa ita ce wadda ta riga ta ci zamaninta, kuma sau da yawa an buɗe ta an canza mata batir ko sikirin kafin ta iso hannunka. Maganar sayarwa kuwa, haba jama'a, wayar da ɗan SS2 ya riƙe shekara biyu wa zai saya da daraja?

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Ƙwacen waya ya addabi wasu biranenmu, Kano ta fi kowa sanin wannan, an raunata mutane, an rasa rayuka a kan waya. Ɗora wa yaro abin da ke jan ido a aljihu, ya fita da shi islamiyya ko darasin yamma, ba gata ba ne. Wayar da ɓarawo zai kalla ya ɗauke kai ita ma wata kariya ce. Kuma duk wadda ka saya, ka gaya masa ƙarara: in aka tare ka, miƙa. Ana sake sayen waya.

Abu na farko da za ka duba a kwali shi ne batir. Mu nan, duk da kukan da muke yi, akwai wuta a ɗakin karatu, akwai soket a ajin lakca, akwai janareton makaranta. Can fa? Ku tuna Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar NEPA bayan manyan layukan da ke kai wuta sun samu matsala. Shagunan masu caji suka cika maƙil, kowa da 'yar lambarsa a hannu. Wayar da ke neman caji sau biyu a yini, a wata za ta cinye kuɗin da ya isa a saya wa yaron littafi. Don haka kada ka sauko ƙasa da 5,000mAh, kuma alhamdu lillahi yawancin sababbin wayoyi masu sauƙin kuɗi sun kai haka. Ka tabbata bakin cajin Type-C ne, shi ne yanzu a ko'ina. Ka kuma tambaya ko akwai kan caja a cikin kwalin, don wasu kamfanonin igiya kawai suke sakawa. Cajar bakin titi ta 'yan kuɗi kaɗan tana daga cikin abin da ke kashe batir da wuri. Zafi ma haka. Ka gaya wa yaron kada ya riƙa barin ta a rana, ko ya cusa ta ƙarƙashin filo tana caji.

Abu na biyu shi ne gyara. Ku rubuta ku ajiye, sikirin ɗin nan sai ya fashe. Yaro ne, akwai ƙwallo, akwai keke, akwai ƙannen da za su yi rububin kallon katun. Tambayar ita ce, ranar da ta fashe, nawa ne, kuma a ina? Shawarata mai sauƙi ce: kafin ka biya, ka sa a ba ka lambar mai gyaran waya na unguwarku, ka kira shi ka ce, "Malam, wannan samfurin kana samun sikirin ɗinta da bakin cajinta? Nawa?" Amsarsa ta fi duk wani bidiyon YouTube da ka kalla amfani, don shi ne zai riƙe wayar ranar da ta kwanta.

A nan ne Tecno da Infinix da itel suke cin kasuwa. Duk ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma suna da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane. Kayan gyaransu sun bazu, kusan duk mai teburin gyara a tasha ya san cikinsu. Ba tallarsu nake yi ba, suna da nasu aibin: suna zuwa da tarkacen manhajoji da tallace-tallacen da ba ka nema ba, kuma ƙananan samfuransu ba sa daɗewa ana sabunta musu Android. Samsung ya fi su ta wannan fuskar, misali Galaxy A16 an yi mata alƙawarin sabuntawa na shekara 6. Sai dai sikirin ɗinta AMOLED ne, mai kyau a ido, mai zafi a aljihu ranar da ya fashe. Redmi ma tana ba da kaya masu kyau a kan kuɗinta, amma ka fara tabbatar da mai gyaran garinku yana samun kayanta. Ka ga kowacce da inda ta fi. In yaron mai nutsuwa ne kuma a babban birni yake, Samsung ba laifi. In kuwa irin su o'o ne da ba sa zama wuri ɗaya, kuma gari ƙarami ne, ka bi wadda gyaranta ke kusa.

Na uku, lambobin da ke jikin kwali. A nan ake yi wa mutane wayo da rana tsaka. Za ka ga an rubuta RAM 8GB da manyan baƙi, in ka matsa kusa sai ka ga 4+4. Huɗun farko ne na gaske. Huɗu na biyun aro ne daga ma'ajin wayar, kuma ba ya gudu kamar na asali. Wani kwalin ma 6GB ɗin nasa 3+3 ne. Ka tambayi na gasken, kuma in da hali kada ya gaza 4GB. Waya mai 2GB yawanci Android Go take ɗauke da shi, za ta yi kira da WhatsApp, amma da an tara mata manhajoji sai ta fara rarrafe, yaro ya dawo yana maka ƙorafi bayan wata uku.

Ma'aji kuma, 128GB ya fi kwanciyar hankali. In 64GB kuɗin suka kama, to ka tabbata tana da gurbin memori. Dalili shi ne data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Yaron da sai ya hau intanet duk lokacin da zai kalli darasi, karatunsa zai tsaya ranar da data ta ƙare. Wanda aka sauke masa darussan suna cikin waya, ko babu sabis zai yi karatunsa.

Abubuwan da ba sai ka biya kuɗinsu ba: 5G, kyamara mai megafiksel 108, da sikirin mai lanƙwasa a gefe. MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma har yanzu harkar manyan birane ce, can ma ba kowace unguwa ba. 4G ta ishe shi. Kyamara kuwa, yawan lamba ba shi ne kyan hoto ba, kuma wasu ramukan da ke bayan ƙananan wayoyi ba wani aikin kirki suke yi ba. Abin da ɗalibi ke buƙata shi ne ya ɗauki hoton allo ko shafin littafi rubutun ya fito a karanta. Ka gwada wannan a shagon, ka ɗauki hoton risit ɗinsu ka zuƙo ka gani.

Yanzu tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin a turo kuɗin: shin dole ne sai a Legas? Computer Village da ke Ikeja babbar kasuwa ce, babu musu. Amma sabuwar waya a kwali, bambancin farashinta tsakanin Ikeja da Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Ka kira wani a can ya tambayo, ka kwatanta. Ka haɗa da kuɗin motarka zuwa kasuwa, da haɗarin doguwar hanya da sabuwar waya a jaka. Sannan ka yi tunanin ranar da ta ba da matsala a sati na biyu: shagon yana Ikeja, wayar tana Birnin Kebbi, kai kana tsakiyar jarrabawa. In bambancin 'yan dubbai ne, wallahi gara ka zaɓi samfurin, ka tura sunansa da cikakken bayaninsa, a saya a gida inda za a iya komawa a yi magana ido da ido. Wannan ba zai rage maka girma ba. Ilimin aka nema a wurinka, kuma ka bayar.

In kuma a nan ɗin za ka saya, to ka shiga da natsuwa. Kada ka bi yaran da ke tare mutane a bakin titi suna "zo ka gani", ka nufi shago mai suna da adireshi wanda gobe za ka same shi a wurin. Akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da yawa a can, har da 'yan uwanmu, ka tambayi ɗaliban da suka daɗe su nuna maka. Kada ka je kai kaɗai, kada ka je da magariba. A buɗe kwalin a gabanka. Ka danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, ka haɗa ta da wadda ke jikin kwali. Ka sa sim ɗinka a gurbi na ɗaya da na biyu ka yi kira, ka gwada sifika da makirfo, ka jona caji ka ga yana hawa. A rubuta maka risit mai ɗauke da IMEI da kwanan wata, a cika katin garanti, yawanci shekara guda ne. Bayan ka gama gwaji kada wayar ta sake barin hannunka da sunan "bari a naɗe maka". Ka ɗauki hoton risit ɗin ka tura wa kanka, asalin kuma ya tafi gida tare da kwalin.

Wayar hannu da wani zai kawo maka hostal da rabin kuɗi, babu kwali babu risit, ka guje ta. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasar nan, kuma ana bin sawun waya ta IMEI. Ka yi tunanin 'yan sanda sun yi sallama a ƙofar gidanku suna neman ƙanwarka 'yar shekara 16 saboda wayar da kai ka kawo. Araha ba ta ado. Haka tsarin nan na biya kaɗan-kaɗan: ka lissafa jimillar abin da za a biya tukuna, za ka ga ya zarce farashin kasuwa, kuma yawanci in aka yi jinkiri kulle wayar ake yi daga nesa. Kai da ke jiran kuɗin abinci daga gida, kada ka ɗaura wa kanka wannan igiyar.

Sai maganar layi, wadda a ganina ta fi wayar kanta muhimmanci ga duk yaron da ke shirin JAMB. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Yaro zai tura NIN ɗinsa ta saƙo zuwa 55019 ko 66019, a turo masa lambar da zai yi rajista da ita, kuma layin da ya yi amfani da shi ya ɗaure da sunansa kenan. Ta nan zai duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa har ya samu gurbi. Duk shekara sai ka ji yaran da suka yi da layin mai shagon intanet, ko na wani abokin da ya bar gari, suna ta faman zarya. Don haka ka tabbata akwai layi guda da aka ware masa, ana sa masa kati lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi. Shawarata ma, wannan sim ɗin ya zauna a ƙaramar wayar Umma a gida, yaron ya riƙa yawo da wani. In an sace waya, ba a sace makomarsa ba. Ka buɗe masa imel da sunansa na gaskiya, ba "sarkin yaƙi 001" ba, ka rubuta kalmar sirrin a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun haihuwa. Kuma tunda wanda bai kai 18 ba yawanci da NIN ɗin wani babba a gida ake yi masa rajistar layi, a sanar da shi cewa duk abin da ya aikata da layin nan, sunan Baba ko naka ne zai fito.

Na san akwai masu cewa duk wannan dogon bayani na mene ne, yaro ɗan sakandare me zai yi da babbar waya, ai lalacewa ce kawai. Kawunnanmu da yawa a nan suka tsaya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Mun ga yaran da caca ta intanet ta cinye, mun ga waɗanda TikTok ya hana barci, mun ji waɗanda wani baƙo ya yaudara suka tura hoto daga baya ya dawo yana yi musu barazana. Duk gaskiya ne.

Amma mu da muka zo nan mun ga ɗaya gefen. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Rajistar kwasa-kwasai, biyan kuɗin makaranta, sanarwar canjin aji, handawut, duk ta waya suke zuwa. Ka tuna yadda wasunmu suka iso aji ɗaya ba su taɓa tura imel ba, suna zaune kusa da yaran da tun firamare suke yi. Ba ƙwaƙwalwa aka fi mu ba, sabo aka fi mu. Sannan yaron da aka hana waya a gida ba ya daina taɓa waya, ta abokinsa yake kallo a bayan makaranta inda babu mai ganin abin da ke ciki. Gara wadda aka ba shi da sharaɗi, a gaban kowa.

Kuma don Allah a daina bambancin nan: a saya wa namiji babbar waya, a ce mace ta jira sai ta yi aure mijinta ya saya mata. JAMB ɗaya za su rubuta, kwamfuta ɗaya za su zauna a gabanta. In tsoro ake ji, tsoron ya hau kan su biyun, ƙa'idar ma ta hau kan su biyun. Ku 'yan uwa mata da ke karatu a nan, ku ne za ku fi iya yi wa iyaye wannan bayanin, don kun san abin da waya ta yi muku a karatu, kun kuma san irin saƙonnin banza da ke shigowa da yadda ake toshe su.

Saboda haka aikinka bai ƙare a biyan kuɗi ba. Kada ka miƙa waya fanko. Kafin ka tafi hutu, ka yi amfani da intanet ɗin makaranta ka cika ta: manhajar gwajin JAMB mai aiki ba tare da data ba, tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, ƙamus, bidiyon lissafi da kimiyya, littattafan da ke cikin manhajar karatunsu. Ka goge tarkacen da ta zo da su. Akwai Family Link na Google, kyauta ne, yana ba babba damar sa iyakar lokaci da amincewa da abin da za a sauke. Amma ka yi shi da saninsa, ka zaunar da shi ka yi masa bayani. Leƙen asiri a ɓoye, ranar da ya gano, ya daina gaya maka komai, kuma yaran yanzu sai sun gano.

Ku yi yarjejeniya a gaban Baba da Umma tun ranar farko, kafin a ɓare leda. Ƙarfe goma na dare waya ta kwana a ɗakin Umma. Ba a zuwa da ita makaranta in an hana, ɗakin jarrabawa kuwa ko kusa. Babu manhajar caca, babu ta bashi. Ba a ba kowa lambar da aka turo ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake ko daga JAMB. Ba a tura hoto ga wanda ba a sani ba. Sannan ka ƙara masa da wannan, wadda ta fi sauran: "In wani abu ya faru, ko ka yi kuskure, ni za ka fara kira, ba zan yi maka ihu ba." Yaran da ake yi wa barazana a intanet, abin da ke ƙara jefa su cikin rami shi ne tsoron gida. Kai da kake tsakanin shekarunsu da na iyaye, kai ne gadar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, ba da gatari ba.

Game da rabon kuɗin, kada ka zuba duka a kan waya. A ce an turo maka naira 150,000, misali. Ka nemi wadda ba ta wuce 125,000 zuwa 130,000 ba. Ragowar ka sayi riga mai kauri da gilashin kare sikirin, a manna tun a shagon, ka sayi caja ta kirki in babu a kwali, ka sa masa datar wata guda. In wani abu ya yi saura ka mayar, tare da risit, ko da ba a tambaye ka ba. Kuma in ka duba ka ga kuɗin ba za su sayi mai 4GB da batir mai kyau ba, ka faɗi gaskiya. Ka ce a ƙara haƙuri a tara, ko a saya masa ƙaramar waya mai madannai ya riƙa kira, ya riƙa karatun a wayar Umma da yamma kafin lokacin. Yaron zai yi fushi na kwana biyu. Wannan ya fi a saya masa abin da zai mutu kafin ya shiga SS3, a lokacin da babu wani adashin da za a sake kwasa.

Hutu ya kusa, na san alat ya fara shigo wa wasu. Wanda ya san shagon amana a Ikeja, ko Dugbe a Ibadan, ko wani gari da muke da 'yan uwa, ya taimaka wa sababbin ɗalibai da rakiya, kada a bar su su shiga kasuwa su kaɗai da kuɗin iyaye a aljihu. Wanda kuma yake ganin na zalunci iPhone, ga fili nan, ya kawo hujjarsa, amma ya fara gaya mana awa nawa ake samun wuta a unguwarsu.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai mu gida lafiya, Ya shirya mana ƙannenmu.